Tayin Hala Turan

Toronto, farkon kaka

Hala Turan,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya ƙafa, ya kunne? Na san waya ba ta yi miki amfani, shi ya sa na zauna na rubuta da hannu kamar yadda kika ce. Ki yi haƙuri, matar babban marubuci za ta sha fama da rubutun likitan haƙori. Mu nan lafiya lau. Matata Ladan na gaishe ki, yara sun koma makaranta. Maman tana nan yadda na gaya miki, a gidan kula da tsofaffi, yau ta gane ni, gobe ta kira ni da sunan babana. Na ce mata na je Shiraz na ga 'yar kawunta Turan, sai ta yi murmushi ta ce, "Mai tsiwar nan? Tana nan da ranta?" Kin ga ke dai ba ta manta da ke ba.

Albishirinki, Hu ɗin ya iso, ko ƙwarzane babu. Ƙarti biyu suka shigo da shi suna nishi. Na ajiye shi a ɗakin jira na asibitina, tsakanin taga da akwatin kifi. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya, ni kuma in ce sunan da darwishai ke kira ne a zikiri, harafi biyu kacal, ha da wawu, marigayi Ostad Nusrat, gwanin zayyanar rubutu, mijin Halata, wato innata, shi ya tsara, ita kuma ta zuba shi da tagulla. Jiya wani yaro ya rataya hularsa a wutsiyar wawun, muka yi ta dariya.

Har yanzu ranar nan ba ta fita raina ba. Na tsaya gabansa a gindin bishiyar lemo na kasa rufe baki, kika ce, "Ɗauka, naka ne, ai ba wani abin kirki ba ne." Na ƙi. Kika sake, na sake ƙi. Tun ina yaro Maman ta koya min, a ƙi sau biyu, na uku shi ne na gaskiya. Da kika faɗi na ukun a gaban Darwish Safar da sauran baƙi, na san da zuciya ɗaya kika ba ni.

Ina ɗan shekara shida aka fito da ni daga Shiraz. Ban taɓa jin cewa ina da dangi a can ba sai ranar. Na gode, Hala.

Ɗanki,
Siyamak

*

Shiraz, ƙarshen kaka

Siyamak jan, sanyin idona,

Wasiƙarka ta iso bayan ta gama yawonta. Na gode wa Allah da kuke lafiya. Ka sumbatar min yara, ka gaishe da Ladan Hanum. Ka ce wa mahaifiyarka Mahin mai tsiwar tana nan, kuma a wurinta na koya. Ƙafa tana yi min abin da ta saba. Kunne kuwa guduma da injin yankan ƙarfe sun cinye shi tuntuni, ba abin da yake kawo min yanzu sai abin da ba na son ji.

Na ji daɗi da ya isa lafiya. Kusa da kifi, ka ce? Madalla. Nusrat ya ƙare rayuwarsa yana zikiri da mutane iri-iri, har da ɓarayin da suka tuba da waɗanda ba su gama tuba ba, amma bai taɓa yi da kifaye ba. Ga shi Allah ya cika masa.

Gurbinsa na nan a gindin lemo. Inda ya zauna daɓen ya fi sauran haske, kuma duk sanda na zo shara sai in ga na kewaye wurin kamar yana nan. Tsufa ke nan, kada ka kula.

Ranar Alhamis na je na wanke kabarin Nusrat da ruwan wardi, can farfajiyar zawiya. A hanyar fita Darwish Safar ya tare ni, ya biyo ni har gida. Ya zauna yana juya kofin shayi, can ya ce min, "Hanum, uwargida, dakalin da 'yan'uwa suka gina kusa da kabarin ya bushe fa."

Na ce, "Allah ya yi wa hannuwansu albarka."

Ya ce, "Cikar shekarar rasuwar Ostad bayan Noruz ne, da shigowar sabuwar shekara. Ko akwai labarin amanar?"

Na ce, "Amana ta tafi yawon buɗe ido, Darwish. Kana wurin aka yi mata rakiya."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hu." Shi kullum in magana ta fi ƙarfinsa sai ya ce Hu, ya bar ni da sauran. Na ƙara masa shayi.

Ban gaya maka wannan don komai ba, hira ce irin ta tsohuwar da ba ta da abokin hira. Abin da aka bayar an bayar. Ko yana wurinka ko yana wurinmu duk gida ne, kai kuma ɗan halas ne, ka san abin da ya dace ba sai an gaya maka ba.

A dai hana yara rataya hula.

Halarka,
Turan

*

Toronto, shigowar sanyi

Hala Turan,

Gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Na saka miki maganin shafawa a cikin wannan saƙo, safe da yamma. Mu lafiya, sai dai ƙanƙara ta fara zuba, ƙaramin ya yi mura ya warke. Maman ta faɗi a banɗaki amma ba karaya.

Zancen kifin nan na karanta wa Ladan, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce yanzu ta gane inda na gaji baki. Na kuma gane kina kewar Hu ɗin, dole ne, aikin hannunki ne. Kada ki damu, yana wurin da ake ganin darajarsa. Na sa takarda a gabansa, ba mai rataya komai yanzu.

Maganar dakalin zawiya ta tsaya min a rai. Bai kamata ya zauna haka ba kowa a kai. Me zai hana ki zuba musu wani? Ai kina da mazubin. Tagulla da gidan zubi duk ki bar min, ni zan ɗauki nauyi, kuma wannan ba tayin baki ba ne. Kin ga sai ya zama biyu, ɗaya a Shiraz ɗaya a nan.

Ga wani albishir kuma. Ƙungiyar Iraniyawan nan za ta yi baje kolin ayyukan hannu a bikin Noruz, na kai musu hoto, sun ce shi za su sa a tsakiyar zaure da sunanki da na Ostad. Abu ɗaya ne kawai. Da na duba shi da kyau a ƙarƙashin fitila, na ga 'yan ramuka da dagwalgwalo a cikin lanƙwasar wawun da bayan ha ɗin, ga shi ya yi duhu. Na san ba laifinki ba ne, masu zubin ne ba su yi aikinsu ba. Kin san idon likitan haƙori, ba ya ganin rami ya wuce. Akwai wani aminina da ke goge ƙarafan tsofaffin motoci, hannunsa na da kyau ƙwarai. Zan kai masa bayan hutun ƙarshen shekara.

Ɗanki,
Siyamak

*

Shiraz, ranar da wasiƙarka ta iso

Siyamak,

Lafiyata ƙalau, maganin ya iso. Ba zan ba gidan waya wannan ba, ɗan maƙwabciyata zai tashi zuwa Montreal karatu cikin makon nan, shi zai sa maka ita daga can.

Kada ka bari kowa ya taɓa shi. Ko da tsumma. Na ajiye kara yau, ka saurara.

Ramukan nan ba kuskuren kowa ba ne, yatsun Nusrat ne. A shekararsa ta ƙarshe hannunsa ya kama rawa, alƙalami ya ƙi zama. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana jan layi ɗaya kamar numfashi, sai ga shi tawada na zuba masa a riga. Wata rana na iske shi ya tattara alƙalumansa zai kyautar. Sai na narka kakin zuma na bar shi ya yi laushi, na ɗora masa a kan cinya a faranti. Na ce, "Tunda alƙalami ya yi maka yaji, rubuta da hannu."

Ya ce, "Turan, ni marubuci ne, ba mai murɗa alewa ba."

Na ce, "To zauna ka yi ta kallon bango."

Sanyin nan kaf ya yi yana matsa kakin nan, yana Hu, Hu a ƙasan maƙoshi. Ni na yi masa ƙashin waya a ciki na tsayar da shi, amma kowane lungu yatsansa ne. Da ya gama ya ja baya ya ce, "Wawun ya karkace." Na ce, "Kai ma ka karkace, ai na zauna da kai." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce, "Kada ki gyara. Ki kai wa 'yan'uwa, su riƙa shafawa in sun shigo." Bai ga zubin ba.

Ka ce in zuba wani. Siyamak, irin wannan zubi sau ɗaya ake yi. Ana lulluɓe kakin da yumɓu, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba tagulla a gurbinsa, in ta huce a fasa yumɓun da guduma. Kaki ya tafi, mazubi ya tafi, mai yatsun ya tafi. Duk duniya inda ya rage Nusrat ya taɓa har ake iya gani, shi ne abin da ke ɗakin jiranka.

Tayin da na yi maka kuwa, tayin kowa da kowa ne. A nan wanda ya yaba maka zobe sai ka ce masa, "Ɗauka, naka ne." Direban tasi ma cewa yake a bar kuɗin, ka taɓa ganin wanda ya sauka bai biya ba? Wai sau uku! Ba ƙirga ake yi ba, fuska ake duba. Kai ka ƙi daina yabo, baƙi na zaune, ɗan Mahin ne ya zo daga uwa duniya karo na farko, me kake so in ce? Da ka ce "na gode, Hala" Darwish Safar ya ƙware da shayi har sai da aka bubbuga masa baya. Kowa a tsakar gidan ya gane sai kai.

Na yi zaton za ka kwana ka farga. Na yi zaton za ka farga da ka karanta wasiƙata. Wane irin mutum ne za a ce masa an gina dakali, ana jiran amana, ya aiko da man shafawa?

Ban taɓa roƙon abin da na bayar ba, yau na yi, kuma kunyar ta ishe ni har kabari. Ka dawo min da shi kafin cikar shekara, yadda yake, da duhunsa da ramukansa.

Turan

*

Toronto, tsakiyar sanyi

Hala Turan,

Gaisuwa. Shiru ya yi yawa, ina fata ba jikin ba ne. Kullum sai na duba akwatin wasiƙu. Mu lafiya, Maman ma da sauƙi.

Ba zan ja zance ba, hoton da ke ciki zai yi magana. An gama! Aminina ya ce bai taɓa shan wahalar ƙarfe irin wannan ba, wai wasu ramukan har da 'yan zane-zane sirara a ciki kamar na fatar mutum, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma dubi yadda ya fito, Hala. Kamar zinariya, har fuska ake gani. Na tabbata haka Ostad ya gan shi a zuciyarsa.

Ki gaya min abin da gidan zubi suka ce game da na biyun.

Ɗanki,
Siyamak

*

Toronto

Hala,

Wasiƙarki ta zo jiya. Yaron ya bar ta a cikin akwatinsa har sai da ya sami ɗaki ya kwance kaya. Na san a yanzu tawa mai hoto ta isa hannunki ko tana hanya, don haka ba sai na gaya miki ba.

Na rufe asibiti, na ɗauki fitilar aikina da ƙaramin madubi, na bi shi lungu-lungu ko zan sami guda ɗaya da ya tsira. Babu. Na je wurin aminina na tambaye shi ko akwai dabara, ya dube ni ya ce, "Siyamak, abin da dutse ya ci ya ci." Garin neman gira na rasa miki ido, na sani, kuma ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba.

Amma tunda kin ajiye kara, ni ma bari in ajiye.

Ban tafi ranar ba, Hala. Na ƙara kwanaki a gidanki ina cin abincinki. Ke kika kira masu haɗa akwatin katako, ke kika ba su shayi, ke kika nuna musu inda za su cusa auduga. A bakin ƙofa na riƙe hannunki na ce, "Hala, kin tabbata?" Kika ce, "Ka sake tambaya raina zai ɓaci." Darwish Safar da ke cewa ba ya tsoron kowa sai Allah, har filin jirgi ya raka ni, ya rungume ni, bai iya jan hannuna gefe ya ce min kalma ɗaya ba. Kin ce kowa ya gane sai ni. To duk kun gane, kuka tsaya kuna kallona ina tafka abin kunya, kuna murmushi.

Na sake karanta wasiƙarki ta farko. Yanzu na ga abin da ke ciki, ƙuru-ƙuru. A lokacin barkwanci na gani, da tsohuwar da ke sona. Layi ɗaya da ya ishe ki, "ramukan yatsunsa ne," da yau suna nan. Kika zaɓi ki yi min zancen kifi.

Na je wurin Maman, na same ta a ranar da hankalinta ke kusa. Na ba ta labari tun daga farko. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ka karɓa? Daga hannun Turan? Wayyo ni Mahin, wa ya yi maka tarbiyya?"

Na ce, "Ke. Ke kika ce na uku gaskiya ne."

Ta ce, "Wannan ai na abinci ne, sakarai."

Can kuma ta tambaye ni ko ni ne sabon likita.

Ni dai na ɗauka an ba ni abu ne don ana sona. Ashe baƙo aka yi wa ladabi, baƙon bai san hanya ba. Wannan ya fi min ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na janye shi daga baje kolin. In na sa shi a jirgi zai iya riskar cikar shekara. Ki ce min in aiko ko kada in aiko, kalma ɗaya, wadda ba sai na duba fuskar kowa ba.

Siyamak

*

Shiraz, bayan Noruz

Siyamak jan,

Gaisuwa, da barka da sabuwar shekara, ko da yake ta tsufa kafin in rubuta. Ina fata kowa lafiya. Ni ina nan. Lemo ya yi fure, ƙamshi ya cika gidan har yana hawa min kai.

Wasiƙunka biyu sun iso. Na daɗe ban amsa ba saboda duk abin da na rubuta sai in ga ko dai zagi ne ko kara, kuma ka ce ba ka son kara.

An yi cikar shekara. 'Yan'uwa sun cika farfajiya, an yi zikiri har muryoyi suka dushe. Dakalin na nan tsirara a gefen kabari, kowa na kauce masa da ido, sai wata baiwar Allah ta rasa inda za ta ajiye farantin alewar halwa da dabino ta ɗora a kai. Haka aka yi taron, ana miƙa hannu ana ɗauka. Wani tsoho da suka yi zikiri tare da Nusrat tun suna samari, idonsa ya tafi yanzu, ya sa aka jawo shi wurina ya ce, "Hanum, an ce Ostad ya bar mana abin shafawa. Ina yake in taɓa?" Na ce, "Bai iso ba, Baba." Ya ce, "To, Allah ya kawo shi muna raye." Ban ce amin ba.

Abin da ka faɗa a kaina gaskiya ne, ban cire ko ɗaya ba. Magana zarar bunu ce, ni na zare. Na gaya wa Darwish Safar abin da ka ce a kansa, ya ce Hu. Amma gaskiyarka ba ta sa na daina jin haushinka ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ta sa ba. Ka ga abu ya fito daga hannun mace da ta yi rayuwarta a gidan zubi, ka ɗauka ba ta ga rami ba sai kai.

Hoton na nan. Na sa gilashi, na ƙara da madubin da Nusrat ke duba rubutu da shi, na kai cikin lanƙwasar wawun, inda babban yatsansa ya fi nutsewa don a nan yake riƙewa in tari ya taso masa. Akwai mutum a wurin. Kai ne, Siyamak, da kyamara a fuska, kana murmushi. Amininka ya iya aiki.

Ba zan ɗora wannan a gefen kabarinsa ba, makaho ya zo ya shafa ya ji santsi ya ce hannun Ostad ne.

Ka nemi kalma ɗaya. Riƙe. Naka ne, kuma wannan karon da gaske nake, don ba abin da ya rage nawa a jikinsa.

Ka gaishe da Mahin, in ta gane ka.

Halarka,
Turan